Turmin Hajiya da Gitar Illiassou

Salamu alaikum 'yan uwa masu bin wannan shafi. Wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Yamai, wai, "Hamdiya kin cika jan rai, Hajiyarki ta yarda da mai gitar nan ko ba ta yarda ba?" Haba 'yar uwa, sannu ba ta hana zuwa. Gyara zama, yau za ki ji. Amma sai na ɗan koma baya saboda waɗanda suka tarar da mu a tsakiyar hanya.

Ni ce ɗiyar farin Hajiya Biba, mai kantin kayan yaji a La Guillotière, nan birnin Lyon. Asalinmu Maraɗi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Kakata ce ta raine ni, sai da na fara zama budurwa aka kawo ni Faransa. Ranar da na sauka, Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓi jakata, ta ce, "Ke, kin rame." Maraba ke nan. Ƙanwata Ruwaida kuwa, da aka haifa a nan, sunanta har ya gaji da kira: Ruwaida zo ki ci, Ruwaida sa rigar sanyi. Ni ko "ke" ce, in an ji daɗina a ce "yarinyar nan". Na sani kunyar ɗan fari ce, haka aka yi wa ita kanta Hajiyar. Amma sanin al'ada ba ya hana zuciya ciwo, balle kana ganin matan Turawa suna sumbatar 'ya'yansu a ƙofar makaranta.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Hajiya ta ba da hayar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke ƙasan kantinmu ga wasu makaɗa uku. Sunan ƙungiyarsu Béton Tiède, wai siminti mai ɗumi. Kada ku tambaye ni dalili, na tambaya ban samu amsa ba. Leïla ce mai ganguna, iyayenta 'yan Aljeriya ne, guntuwa mai faɗa kamar barkono. Bastien, wani dogon Bature marar magana, shi ke kaɗa babbar gita mai gurnani. Na ukunsu shi ne Illiassou.

Tun 2003 suka haɗu a jami'a. Na saurari faifansu na farko don soyayya kawai, domin wallahi kamar an zuba tsakuwa a tukunya ana girgizawa, ga wani mawaƙi yana ihu da Ingilishin da ko Ingilishi ba za su gane ba. Da mawaƙin ya bar su ya tafi Kanada, sai Illiassou ya karɓi waƙar, ya mai da ita Faransanci, kiɗan ya ɗan lafa har mutum na iya jin abin da ake faɗa. Haka suka yi ta yawo a wata tsohuwar mota, yau Saint-Étienne, gobe Grenoble, jibi wani ƙaramin zaure a Croix-Rousse. A yankinmu an san su, matasa na sa riguna masu sunansu. Paris kuwa ba ta ma san da zamansu ba, kuma a ƙasar nan in Paris ba ta san ka ba, kana nan dai kana nan.

Illiassou ɗan mutanen Tawa ne, amma a La Courneuve aka haife shi, can gefen Paris. Hausarsa ta sha sanyi har ta daskare, shi ne mai ce maka "ina wuni" da sassafe. Kullum cikin baƙar rigar fata da ta koɗe a gwiwar hannu. Ranar da na fara sauka kai musu saƙo na same shi yana sallar la'asar a tsakanin manyan lasifikoki, ya shimfiɗa kwali. Na tsaya a matakala har ya sallame. Abin da ya biyo baya kun riga kun sani, ba sai na ba kaina kunya sau biyu ba.

Hajiya ta ɗauke shi kamar abokin wasa. Da ta hango shi sai ta ce, "Ɗan kiɗa, yau ɓeraye nawa kunka kashe da ƙarar nan?"

Shi kuma ya ce, "Hajiya, duka sun yi déménager, sun koma gidan maƙwabta."

Ta yi ta dariya har tana riƙe ciki, ta aika masa da fura ko dambu. Ku kuna ganin abin farin ciki ne ko? To ni duk dariyar da suka yi sai gabana ya faɗi. A wurinmu mace ba ta wasa da surukinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa. Muddin Hajiya na tsokanar Illiassou tana kiransa ɗan kiɗa, na san ko a mafarki ba ta ɗauke shi mijin ɗiyarta ba.

Ranar da na yi ƙarfin hali na gaya mata, tana cikin auna kanumfari. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Mi kinka ce? Makaɗi?"

"Hajiya, ba maroƙi ba ne. Ba ya yi wa kowa kirari. Kuma yana da aikinsa, yana koyar da yara gita."

"Mai kiɗa a taru a ba shi, mi sunanshi a garinku? Yaron kirki ne, ban ce a'a ba. Amma mu ba mu haɗa iri da makaɗa. Miƙo min leda."

Na kira Kawu Bukari a Saint-Denis, can kusa da Paris, ƙanen Baba, wanda shi ne waliyyina. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Hamdiya, abin da uwarki ta ce, shi na ce." Ya ajiye waya. Ƙofa ɗaya ce ke nan, kuma makullinta na ɗaure a bakin zanen Hajiya.

To, ga inda turmi ya shigo labarin.

Hajiya ba ta yarda da injin niƙa ba. Ta ce yajin inji ba shi da rai. Turminta da taɓaryarta tun daga Maraɗi aka sako su a jirgi. Kullum bayan azahar takan rufe kanti, ta shiga ɗakin baya ita kaɗai, ta ɗaure ƙugu da gyale ta hau dakan ƙuli-ƙuli da citta da barkono. Kuma ba daka kawai take ba, lugude take yi: ta buga, ta buga, ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe. Ɗakin bayan nan kuwa daidai saman kan Leïla yake.

Da farko Leïla kuka take da abin, wai yana ɓata mata lissafin kiɗa. Wata rana don haushi sai ta bi dakan da gangarta. Bastien ya shiga. Illiassou ya ce tsigar jikinsa ta tashi, don abin da suka yi shekaru suna nema a faya-fayan Amurka ashe yana saman kansu yana ƙamshin citta. Daga nan kiɗan Béton Tiède ya sake kama. Suka rage ƙarar gita, suka bar fili tsakanin bugu da bugu, tafi ya shigo, Illiassou har ya fara jefa 'yan kalmomin Hausarsa ta firiji cikin waƙa. Tsoffin masoyansu wasu suka yi fushi, wai sun yi laushi. Amma zaurukan suka fara cika.

Sai ya nemi izinin Hajiya ya ɗauki sautin turmin. Ta ce, "Ɗauki mana, turmi ne, ba asiri ba." Ya liƙa makirfo a rufin ɗakinsu, kusa da bututun iska. Abin da ita ba ta sani ba, shi ma bai yi tunani ba, bututun nan ba daka kaɗai yake kawowa ba.

Wata Asabar ina cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, sai ga saƙonsa: "Viens sur les quais. J'ai un truc à te faire écouter. Paris a dit oui!!!" Wai in same shi bakin kogi, akwai abin da zai jiyar da ni, kuma wani babban kamfanin faifai a Paris ya amsa musu. Na gyara ɗaurin kallabina a gilashin taga, atamfa ce shuɗiya a jikina da farar rigar sanyi, na sauka na tarar da shi yana ta murmushi kamar an yi masa albishir da Makka. Ya sa mini abin saurare a kunne.

Turmi ya fara. Bugu, bugu, tafi. Gitarsa ta shigo a hankali. Sai wata murya siririya ta taso daga ƙarƙashin dakan, muryar da na sani fiye da tawa:

"Hamdiya ɗiyata, hwarin cikin hwari,
Baki ya yi kunya, ciki na kira,
Na ba da ke goyo, ban ba da ke zuci ba,
Allah raya mini Hamdiya."

'Yan uwa, ban san lokacin da na zauna a kan dutsen bakin kogin ba. Ban san Hajiya na waƙa ba. Ban san ta iya furta sunan nan ba, ashe har jansa take yi, Hamdiiiya, kamar mai lallashin jariri. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na rabu da kakata. Mutane na wucewa da karnukansu suna kallona, ban damu ba. Na ce ya maido daga farko. Ya maido. Na ce ya ƙara.

"C'est beau, non?" in ji shi, wai ai ta yi daɗi ko. "Ta ambaci sunanki, shi ya sa na so ki fara ji. Mutanen Paris sun haukace a kan muryar. Sun ce ita ce za ta buɗe faifan."

Sai a lokacin hankalina ya dawo.

"Illiassou, ba za ka fitar da wannan ba."

"Pourquoi? Don me? Ai ta ba ni izini."

"Izinin turmi ta ba ka. Ni ɗiyar fari ce. A duniya babu wanda ya taɓa jin ta kira sunana. In wannan ya fita a rediyo, matan Guillotière za su ji, a aika Maraɗi a ji, a ce Hajiya Biba ta tsufa ta zubar da kunya, tana yi wa 'yar fari waƙa a faifan 'yan gita. Ba za ta ƙara iya ɗaga kai a gidan suna ba."

Ya mai da dubansa kan ruwa. Shi ɗan auta ne, uwarsa a gaban kowa take rungume shi, bai taɓa sanin akwai son da ake ɓoyewa a ɗakin daka ba. Can ya ce, "Shekarunki nawa ba ki ji ba?"

Na ce, "Duka."

A ɗakin ƙasa kuwa an yi tashin hankali. Ina kanti ina jiyo Leïla ta bututun nan dai, tana cewa sun tsufa a cikin rami suna jiran rana irin wannan, yanzu don wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba za a rufe musu ƙofa. Ban ga laifinta ba, wallahi. Wanda ya daɗe a rana shi ya san daɗin inuwa. Kamfanin ma ya fito fili ya ce muryar tsohuwar suke so, in babu ita babu magana.

Ranar Juma'a da la'asar sai ga Illiassou a gidanmu da ke saman kanti. Ya sa shaddar babansa, wandon ya tsaya masa a ƙwauri, na so in yi dariya tsoro ya hana ni. Na shige kicin na laɓe bayan labule. Hajiya na kan darduma da carbi, turaren wuta na tashi a gefen kabad ɗin tangaran ɗinta.

"A'a, ɗan kiɗa, yau ɗaurin auren wa?"

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya ce yana da laifi, ya sa faifan a 'yar rediyonmu. Turmi ya fara. Hajiya na murmushi tana gyaɗa kai. Da muryar ta taso sai murmushin ya ɗauke, carbin ya tsaya cak a hannunta. Ta bari har waƙar ta ƙare.

"Wa da wa sunka ji wannan?"

"Mu uku, da mutanen Paris."

Sannan a hankali ta ce, "Yarinyar nan hwa?"

"Ta ji, Hajiya."

Na toshe bakina da gefen kallabi. Ta labule ina ganin gefen fuskarta kawai, da yadda ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata.

Illiassou ya ce, "Na riga na kira Paris na ce a cire. Sun ce in an cire, c'est fini, sun fasa. Na ce to. Na goge duk sauran, wannan kaɗai ya rage." Ya fitar da faifan ya ajiye a bakin dardumarta. "Ban san nauyinsa ba. Ki gafarce ni."

"Tun yaushe kuke cikin ramin nan kuna jiran Paris?"

"An daɗe, Hajiya."

"Kuma ka ce musu a'a."

"Muryarki ce. Ba tawa ba ce da zan sayar."

Ta dubi faifan a bakin dardumarta. Sai ta ce, "Tashi ka tahi."

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Turmi ya yi shiru. Fura ta daina sauka ɗakin ƙasa. Hajiya ba ta ce mini ci kanki ba, in mun haɗu a matakala sai ta kau da kai, ni ma in kau. Illiassou ya riƙa shiga ta ƙofar baya. Saƙonsa kullum ɗaya ne, "Elle a dit quelque chose?" Wai ta ce wani abu? Ni kuma in amsa masa da a'a. Na ce a raina shi ke nan, ya rasa Paris, ni na rasa shi, Hajiya ta rasa waƙarta, an yi biyu babu har da ta uku.

Leïla ce, mai faɗan nan, ta fitar da su. Ta ce tun da an cire murya, to kada a cike gurbin da komai, a bar shi haka. Suka sake ɗaukar waƙar, ita tana buga luguden da babbar ganga, in an zo inda muryar take sai gita ta yi shiru, a bar bugu da tafi kawai. Wani ƙaramin kamfani na nan Lyon ya fitar da faifan a 2011. Ba su yi kuɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma waƙar ta yi ta tafiya da ƙafarta daga waya zuwa waya, har aka gayyace su wasan bazara a wani lambu a Paris, Paris ɗin da ta ce ta fasa.

Na je, na sauka gidan Kawu. Rana na sama, lambu ya cika maƙil. Da aka zo gurbin nan sai jama'a suka ɗauki tafin da kansu, Turawa da Larabawa da baƙaƙe, bugu, bugu, tafi, ba wanda ya koya musu. Su shiru suke ji a wurin. Ni kaɗai a cikin taron nan na san abin da ke ciki, ina tsaye ina rera shi a zuci ina hawaye. Illiassou ya hango ni daga kan dandali, ya ɗan sunkuyar da kai. A ranar na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da ya san abin da ba na sayarwa ba ne, ko da ba a ƙaddara zai zama nawa ba.

Da na dawo Lyon, ina jera kayana a kabad sai hannuna ya taɓa wani abu a ƙarƙashin zannuwana. Faifan ne, an naɗe shi a sabon kallabi. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban ce wa kowa komai ba. Kashegari bayan azahar, ina kanti, sai na ji bugu daga ɗakin baya. Bugu, bugu, tafi. Daga ƙasa gangar Leïla ta amsa.

Wannan ne ya ba Illiassou ƙarfin gwiwar zuwa gaisuwa ranar Lahadi. Muna falo mu uku, Hajiya na cin dambu da hannu tana yi wa Ruwaida faɗan gajeren siket. Sai muka ji sallamarsa a bakin ƙofa.

'Yan uwa, ban taɓa sanin Hajiya na da sauri haka ba. Ta saki kwanon, ta ja gyale ta rufe fuska, ta miƙe ta faɗa ɗaki har tana barin takalmi ɗaya a tsakar falo. Ƙofa ta rufe.

Illiassou ya tsaya da ledar lemu a hannu, fuskarsa ta yi fari. Ya dube ni ya ce a hankali, "Elle m'en veut encore, har yanzu tana fushi da ni. Ko ganina ba ta son yi."

Na dubi kwanon dambun da aka bari, na dubi takalmin. Matar da ta yi shekaru tana tsokanarsa da ɓeraye, tana cin goro a gabansa, yau ita ce ta ji muryarsa ta gudu.

"Illiassou," na ce, "ba fushi ba ne. Kunyarka take ji."

"Kunyata? Depuis quand? Tun yaushe?"

Kafin in amsa sai muryarta ta fito daga bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, irin muryar da ban taɓa jin ta yi wa ɗan kiɗa magana da ita ba.

"Ruwaida, ki ce ma baƙon an gaishe shi. Ki ce mishi Saint-Denis ba ta da nisa da La Courneuve, manyanshi su je su ga Kawunku."

Ruwaida ta saki guɗa irin ta 'yan Faransa, marar daɗin ji. Ledar lemu ta suɓuce, lemu ya watse har ƙarƙashin kujera. Illiassou ya durƙusa yana fuskantar rufaffiyar ƙofa yana ta "na gode, na gode," don Hausarsa iyakarta ke nan a ranar.

Sai muryar ta ƙara fitowa, wannan karon da ƙarfinta na kullum.

"Ke! Za ki bar mutum a durƙushe ne ba ko ruwa?"

"Ke" ɗin nan dai ce da na yi rayuwata ina ji. Amma yanzu na san abin da ke bayanta, yana naɗe a kallabi a ƙarƙashin zannuwana. Na share hawaye, na amsa da ƙarfi yadda za ta ji ta cikin ƙofa.

"Na'am, Hajiya."